Poton ƙarfe, na kankare ko na haɗi: wanne ya fi jure gobara?

Abin da ya sa na zamna na rubuta wanga bayani shi ne gardamar da muka sha da kawuna a bakin shantiyenshi can wajen unguwar Ali Ɗan Sofo, yana son ya ta da magaza da shaguna a ƙasa, sama kuma ɗakunan haya, kayan da zai zuba ciki atamfa ce da katifa da robobi. Wani mai walda ya riga ya cika mishi kunne wai poton ƙarfe, wato ginshiƙin ƙarfe, ya fi komai, sati biyu an ta da shi an wuce wurin, shi kuma mason ɗinshi na ta rantsuwa da bito da fer, wato kankare da sandunan ƙarfe a ciki, irin wanda muka gada. Sai ya juyo ya ce mani "kai yaro, kai da ka yi karatun abin, ai wuta ba ta cin ƙarfe ko?" Na ce "Kawu, Allah ya ja kwana, ba ta cin shi amma tana sa shi laushi, kuma laushin nan kaɗai ya isa ya kada bene."

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban maƙera ya ga abin da nake nufi. Maƙeri ba ya narkar da ƙarfe kafin ya lanƙwasa shi, zuga kawai yake yi sai ya yi ja ya ɗora kan uwar maƙera. Ƙarfen gini sai wajen digiri 1500 yake narkewa, gobarar shago ba ta cika kai nan ba, amma ba ta ma buƙata. Har zuwa digiri 400 yana riƙe da ƙarfinshi, a 500 ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar, a 600 abin da ya rage mishi bai kai rabi ba, a 700 kusan kwata, a 800 kuma kashi ɗaya cikin goma kacal. To wutar gwaji da ake auna kayan gini da ita, wadda ake ce ma ISO 834, cikin minti 5 ta wuce digiri 550, a minti 30 tana wajen 840, a awa ɗaya 945. Daga nan ne aka samo waɗannan lambobin da za ka gani cikin takardun injiniyoyi, R30, R60, R90, R120, ma'ana minti nawa poto zai yi ɗauke da nauyinshi cikin wutar gwajin bai durƙushe ba. Lambar awo ce dai, shagon katifa a tsakiyar hunturu da iska na kaɗawa yana iya yin sauri fiye da haka.

Shi kuma kankare, bito inji masonmu, zafi na ratsa shi a hankali ƙwarai, kusan sau talatin ƙasa da yadda yake gudu cikin ƙarfe. Duk dabarar poton haɗi a nan take, ƙarfe ya ba da ƙarfi da siranta, kankare ya tare zafi ko ya karɓi nauyin idan ƙarfen ya gaji. Amma kankaren ma ba waliyyi ba ne, ruwan da ke maƙale cikinshi in ya tafasa yana fasa fatar ta yi ta tsalle ɓaro-ɓaro har fer ya fito fili, daga digiri 300 launinshi ya fara komawa ja-ja alamar ya fara rauni, tsakuwa mai ƙyalli irin ta dutse kuma tana kumbura farat ɗaya a digiri 573.

Abubuwan da nake auna kowane poto da su: minti nawa yake saya maka kafin ya faɗi, kuɗinshi, ko ma'aikatan da muke da su nan Maraɗi za su iya yin shi daidai, daɗewarshi gaban tsatsa da bugun amalanke, sai kuma wanda mutane ke mantawa, wato in an yi kuskure wajen aikin ido zai gani ko kuwa ɓoye yake sai ranar da wuta ta tona. Farashi kam rawa yake yi tare da naira da halin hanya, fer ɗin yau ba shi ne na wata mai zuwa ba, don haka a kilo zan yi lissafi kowa ya ninka da kuɗin ranar.

Ƙarfe tsirara

Wannan shi ne ƙarfen nan mai siffar harafin H da ake yin hangar da shi, HEA ko IPE. Sauri kam babu kamar shi, ba kofraj, wato katakon da ake zuba bito a ciki, ba jiran bushewa, ka ɗaure yau gobe ka ɗora kaya. Nauyin HEA 200 kilo 42 ne da ɗan kai a mita, poton mita 3 ke nan ya tasam ma kilo 127 na ƙarfe zalla, kuma duk daga waje ake shigo da shi. Wajen wuta shi ne kurar baya, kamar kwata ɗin awa yake yi, mai kauri sosai wanda ba a danne da nauyi ba ya ɗan ƙara. Na taɓa shiga wani hangar washegarin gobara, potunan ba su narke ba ko kaɗan, fentin ne kawai ya ƙone, amma sun lanƙwashe a tsakiya kamar raƙumi zai durƙusa, tol da sharfant, wato ƙarafan da ke riƙe da rufin, duk sun zubo kan kayan, mai wurin na tsaye yana ta shafa ƙarfen yana cewa "wai wanga da mota ba ta iya lanƙwasa shi". Benen Plasco na Tehran mai hawa 17, ginin ƙarfe ne cike da shagunan tufafi, haka ya rushe a watan Janairun 2017 da 'yan kwana-kwana a ciki.

Akwai fenti na musamman da ake shafa mishi wanda in ya ji zafi wajen digiri 200 zuwa 250 sai ya kumbura ya zama kamar kumfa mai kauri ya rufe ƙarfen, yana iya kai shi R60 ko fiye. Abu ne mai kyau a inda ake da masu aikin, amma sai an auna kaurinshi da na'ura, sai an yi shafen ƙasa da ya dace da shi, kuma ba ya son gurzawa, a magazar da ake jan buhu da kwali kullum shekara ɗaya ta isa ya kwaile daga ƙasa. Ga kuma haɗarin a shafa maka fentin mai na yau da kullum a ce shi ne, ido ba ya bambancewa. In ka riga ka ta da ƙarfe, abin da ya fi sauƙi a nan shi ne ka zagaye shi da bulo cikakke marar rami a yi mishi shafe mai kauri.

Bito da fer, namu na gado

Shi ne mafi arha nesa ba kusa ba. Poto 25 da 25 mai tsawon mita 3, in an yi dozaj 350, wato buhu 7 na siminti a mita kub, buhu ɗaya da kamar sulusi yake ci, fer mai kaurin milimita 12 guda huɗu da kadar-kadar ɗinsu, wato zobban da ke ɗaure su, ba su kai kilo 20 ba. Ka kwatanta da kilo 127 na sama, alhali a takarda nauyin da biyun ke ɗauka bai yi ma juna nisa ba in kankaren na kirki ne. Siminti ga na Malbaza ga na Najeriya, yashi ga gulbi, kowane mason ya iya.

To amma "ya iya" ɗin nan ita ce matsalar. Juriyar wanga poto ga wuta duk tana cikin 'yan santimitan kankaren da ke tsakanin fer da waje. Teburin ƙa'idar Turai, Eurocode 2, ga poton da wuta ke iya lasa ta kowane gefe daga faɗin santimita 20 ya fara, kuma don samun awa ɗaya a poto 20 da 20 mai matsakaicin nauyi sai tsakiyar fer ta yi nisan kusan santimita 3 da rabi daga fata, awa ɗaya da rabi kuma ana maganar faɗin 30 da nisan 4 da rabi, awa biyu faɗin 35. Yanzu ka tahi kowane shantiye ka leƙa cikin kofraj kafin a zuba, sau nawa za ka tarar fer ya jingina da katako, babu kal ko ɗaya da aka sa don ta tura shi tsakiya, an kwaɓa bito ruwa tsululu don ya yi sauƙin zubawa da bokiti, babu na'urar girgizawa sai dai yaro ya yi ta bugun katako da guduma, in an cire kofraj a ga ramuka kamar saƙar zuma sai mason ya yi maza ya liƙe da shafe kafin mai gida ya iso. Ga rana ta watan Afrilu, a bar shi ba ban-ruwa, alhali sati guda yake so ana jiƙa shi kuma sai kwana 28 yake cika ƙarfinshi. Irin wanga poto sunan kankare kawai gare shi.

Ɗan sauƙin da muke samu shi ne galibin potunanmu na 15 da 15 cikin bango suke, bulo ya rufe su ta gefe biyu, fuska ɗaya ke ganin wuta. Wanda ke tsaye shi kaɗai tsakiyar magaza shi ne abin tsoro, kuma shi ne ɗan kasuwa ke cewa a rage mishi ƙiba don yana cin wuri.

Tiyo cike da kankare

Nan aka shigo haɗi. Tiyon ƙarfe ne, zagayayye ko mai kusurwa huɗu, a cika cikinshi da bito. Tiyon shi ne kofraj, ya gama aikinshi ya zamna nan, poto ya fito siriri sumul, amalanke ta buge shi ba abin da zai yi. In wuta ta tashi ƙarfen waje ne ke fara yin zafi ya saki, sai nauyin ya koma kan kankaren ciki wanda har yanzu bai ɗumama ba, kuma tiyon na riƙe da shi ba ya barin fatar ta zube. Abin da ya kamata a gane shi ne in babu fer a cikin kankaren, kusan rabin awa ce kawai kake da tabbacinta. Teburin Eurocode 4 ga poton da ba a danne da nauyi ba ya ce faɗin santimita 16 ba fer R30, faɗin 20 da fer a ciki R60, 22 da ƙarin fer R90, 26 da fer mai yawa R120, in nauyin ya ƙaru faɗin ma sai ya ƙaru. Saboda haka 'yan siraran tiyon baranda da ake ɗura ma kwaɓin siminti ba sa cikin wanga lissafi sam.

Abu biyu ke ba ni tsoro a nan. Na farko cikawar, kana zuba bito daga sama cikin rami mai mita 3 ga kejin fer a ciki, ba ka ganin abin da ke faruwa, tsakuwa na iya cushewa a tsakiya ta bar kogo, shi ya sa ake son tsakuwa ƙanana, a zuba kaɗan-kaɗan ana girgizawa, bayan ya bushe a bi shi da guduma daga ƙasa har sama ana saurare, inda ya yi ƙara kamar gwangwani to babu komai ciki. Na biyu hujin numfashi. Dole a huda tiyon, huji mai faɗin milimita 20 aƙalla, ɗaya sama ɗaya ƙasa a kowane hawa, kuma tazararsu kar ta wuce mita 5, don tururin ruwan kankare ya samu hanyar fita, in ba haka ba poto ya zama tukunyar da aka toshe ma baki, yana iya tsagewa. Sau da yawa mai fenti ne ke zuwa daga baya ya ga huji ya ɗauka aibi ne ya cike shi da mastik, da kyakkyawar niyya. A gaya mishi tun wuri.

Kuɗi: tiyo 20 da 20 mai kaurin milimita 6 wajen kilo 36 ne a mita, ka ƙara bito da fer, ka cire kuɗin katako da shafe. Tsatsa na kama gindinshi in ruwa na kwanciya, a ɗaga shi kan ɗan dakali.

H da aka cika ma ƙugu

Shi ne H ɗin nan dai, amma a cika ramukanshi biyu na gefe da kankare, fuskokin ƙarfen biyu na waje. Daɗinshi ana zuba shi a kwance a ƙasa, a cika gefe ɗaya ya kama a juya a cika ɗayan, kana ganin komai da idonka, kuma fuskar ƙarfen na nan don walda ko ɗaure pitir, wato ƙarfen da ke kwance bisa potuna. Sai an yi waldar kadar a jikin ƙarfen tsakiya ko a huda a zura su, in ba haka ba kankaren zai ɓalle ya faɗo lokacin da ake buƙatarshi. Yana kai awa ɗaya har biyu amma sai poton na da faɗi, ƙaramin H ba ya samun da yawa tunda fuskokin da ke waje nan da nan suke saki. Kuma ya yi nauyi, ɗaga shi sai da inji. Ban cika ba ƙaramin mai gini shawararshi ba.

H binne cikin kankare

Wanga shi ne sarki wajen wuta, kuma shi ne mai cin kuɗi, don ka sayi H ka sayi fer ka yi kofraj ka zuba bito, aiki biyu a poto ɗaya. Ƙarfen na can tsakiya wuta ba ta ganin shi. A teburin Eurocode 4, faɗin santimita 18 da rufin kankare 5 a kan ƙarfen R60, faɗin 22 da rufi 5 R90, faɗin 30 da rufi 7 da rabi R120. Dole a kewaye shi da ɗan kejin fer don ya riƙe rufin. Tsatsa ba ta samun shi, kuma ko mason ya ɗan yi sakaci a bito H ɗin na nan ɗauke da kaya, abin da poton gado ba ya da shi ke nan. Benen Windsor na Madrid da ya kwana yana ci a Fabrairun 2005 ya nuna bambancin a gini ɗaya, potunan ƙarfe na gefe da ba a rufe ba a hawan sama suka zube, cibiyar kankare ta tsaya.

| Iri | Juriyar wuta | Kuɗi | Sauƙin aiki a nan | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ƙarfe tsirara | kamar minti 15 | mai tsada | sauri ƙwarai | lanƙwashewa, tsatsa |
| Ƙarfe da fentin wuta | minti 30 zuwa fiye da 60 | ya fi tsada | sai ƙwararre | gurzawa, fentin bogi |
| Bito da fer | minti 60 zuwa 120 in an yi daidai | mafi arha | kowa ya saba | fer kusa da fata, ramuka |
| Tiyo cike, ba fer | minti 30 | tsaka-tsaki zuwa sama | da sauƙi | kogo, toshe huji |
| Tiyo cike da fer | minti 60 zuwa 120 | mai tsada | sai an kula | cushewar tsakuwa |
| H cikakken ƙugu | minti 60 zuwa 120 in yana da faɗi | mai tsada | sai injin ɗagawa | kankare ya ɓalle |
| H binne | minti 60 zuwa fiye da 120 | mafi tsada | aiki biyu | ƙarancin rufi |

Wani abu da teburin bai nuna ba shi ne nauyi. Poton da aka ɗora ma kaya har wuya ya fi saurin faɗuwa cikin wuta nesa da wanda ke da sarari, ko da irinsu ɗaya. Mu kuma al'adarmu ce a bar fer tsaitsaye saman dal ana jiran Allah ya hore a ƙara hawa, ko a mai da ɗakin kwana na sama ma'ajiyar buhunan shinkafa. Duk hawan da ka ƙara ba da lissafi ba ka rage mintocin potunan ƙasa ne. Haka nan mahaɗar poto da pitir, in ka rufe poto ka bar kusoshi da farantin haɗi tsirara to ka kulle ƙofa ne ka bar taga. Bayan gobara kuma, kankaren da ya koma ja ana iya sassaƙe shi a sake rufi in injiniya ya duba ya yarda, ƙarfen da ya lanƙwashe sai dai canji, kar wani ya ce zai miƙe maka shi da wuta.

Wanda ke gina gidan kwana, ƙasa ko hawa ɗaya, ya tsaya kan bito da fer, kuɗin da zai kashe a H ya sa su cikin siminti da kal da hayar na'urar girgiza, ya kuma tsaya da ƙafarshi ranar zubawa. Mai hangar buɗaɗɗe da ba kowa a sama, na mota ko na hatsi, ƙarfe tsirara ya wadatar tunda mutane na iya fita nan take, sai dai ya san in ta kama rufin ya tahi. Mai shago a bakin titi da ke son poto siriri don kar ya tare kanta, tiyo cike da fer, faɗin 20 zuwa sama, da hujinshi. Bene mai hawa uku huɗu, otal, asibiti, makaranta, inda fitar da mutane ke ɗaukar lokaci, H binne ko bito mai faɗin 30 zuwa 35, kuma da lissafin injiniya a rubuce. Magazar atamfa, katifa, roba, taya, ko inda ake aje jarkokin mai da butel ɗin gaz, musamman cikin kasuwa inda motar 'yan kwana-kwana ke shan wahalar kutsawa ko an kira lambarsu 18 da wuri, kar a yi ƙasa da R90, duk wanda ya ga abin da ya faru a babbar kasuwar Katsina nan kusa da mu a Maris ɗin 2021, ko Sabon Garin Kano a 2016, ya san wutar kasuwa awoyi take yi.

Shi kawu da ke da mutane a sama katifa a ƙasa, mun tsaya kan bito 30 da 30 a potunan bango, guda huɗun tsakiyar magaza da za su tsaya su kaɗai kuma H binne. Mai walda ya samu sharfant ɗin rufin sama da ƙofofi, mason kuma an gindaya mishi sharaɗi ba zai rufe kofraj ba sai na zo na zura yatsu uku tsakanin fer da katako.